Idan Ka Kawo Mai Ciwon Ƙirji Asibiti: Abin Da Za Mu Yi, Da Abin Da Muke So Ka Yi

Yawancin waɗanda ake kawo mana da ciwon ƙirji sun riga sun yanke wa kansu hukunci tun daga gida: olsa ce ta tashi. An sha farin ruwan magani, an sha madara, an je kemis an yi allura, sai da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sannan aka nemo mota. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a emajansi nake aiki, kuma ba na musun cewa olsa na kawo zafin ƙirji. Tana kawowa. Ciwon tsoka ma na kawowa, damuwa na kawowa, kuma da yawa daga masu wannan kukan lafiya lau suke komawa gida. Amma a cikinsu akwai wanda jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce take toshewa, wato abin da ake kira bugun zuciya, kuma a ido ba ka raba shi da mai olsa. Duk kai-kawon da za ka ga muna yi, da tambayoyin da za mu ishe ku da su, da zaman awa shida da za mu sa ku, don a tsamo wannan mutumin ne kafin lokaci ya ƙure masa.

Na rubuta wannan domin kai da za ka rako mahaifinka, da ke da za ki rako maigidanki ko mahaifiyarki. Mai rakiya da ya san abin da ake ciki ya rage mana rabin aiki.

Kafin ku baro gida

Ciwon ƙirji da ya kai minti 15 mutum na zaune bai lafa ba, ko ya zo da gumi mai sanyi, ko sarƙewar numfashi, ko amai, ko jiri, ko yana tafiya zuwa hannu, wuya, muƙamuƙi ko baya, ba na jira gari ya waye ba ne. Ku dubi agogo ku riƙe lokacin da ya fara, domin shi za mu fara tambaya. Kada mara lafiya ya tuƙa kansa. Kada ku biya kemis: allurar rage ciwo irin su daikulofenak tana ƙara wa mai bugun zuciya haɗari, ga ɓata lokaci. Ku nufi asibitin da kuka san yana da na'urar awon wutar zuciya, wadda muke kira isiji, ko da akwai ƙaramin asibiti da ya fi kusa.

Idan akwai asfirin a gida, mara lafiya idan babba ne ya tauna miligiram 300, ya tauna ɗin, ba haɗiya da ruwa ba. Ko azumi yake ya karya, ai mara lafiya yana da rangwame. Sai dai kada a ba wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin, ko mai zubar jini, ko mai yin baƙin bayan gida, ko wanda ciwon ya faɗo masa farat ɗaya kamar ana tsaga shi zuwa gadon baya. Zan dawo kan wannan na ƙarshen.

Ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya, ku haɗa da tsofaffin takardun asibiti. Tsohuwar takardar isiji tana da daraja ƙwarai a wurinmu.

Minti goman farko

Da kun iso, kada ku shiga layin yankan kati da shi. Ku faɗa wa ma'aikacin farko da kuka gani, da murya, cewa ciwon ƙirji ne. Wani ya je ya yanko katin, mara lafiya ya shigo. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da na Turai suka yi ittifaƙi a kanta ita ce a yi isiji a kuma karanta ta cikin minti 10 da isowa. Ba kullum muke cim ma hakan ba, musamman daren da gadaje suka cika, amma haƙƙinku ne ku tambaya cikin ladabi: "Sista, an yi masa isiji kuwa?" Ni ina son mai rakiya da ke yi min wannan tambayar.

Za mu auna hawan jini, wani lokaci a hannu biyu, mu ƙirga bugawar jijiya da numfashi, mu auna zafin jiki da suga, mu maƙala masa ɗan abin nan a yatsa da ke nuna yawan iskar oksijin a jini. Idan ya nuna 90 ko sama, ba lallai a sa masa oksijin ba, don haka kada ku ɗauka rowa ake yi muku. Za mu sa kanula a jijiya tun da wuri, saboda idan jiki ya rikice jijiya ɓuya take yi.

Isiji ba ta da zafi, ba kuma wuta take sa wa mutum ba. Saurare kawai take yi. Wayoyi goma ne: shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu. Lokacin hunturu mutanenmu kan shafa mai sosai, sai abin maƙalawar ya ƙi kama fata, layin ya fito a karkace. Idan kun ga na sa auduga da sifirit ina goge ƙirjin Baba, ko na nemi a aske ɗan gashi, dalilin ke nan. Hajiyoyi kuma kada kunya ta sa a ƙi yi. A nemi mace ta yi, a ja labule, a rufe da mayafi, minti biyu an gama. Da takardar ta fito, ku ɗauke ta hoto da waya. Irin takardar nan ce da zafi ke cinye rubutunta, bayan wasu watanni sai ka ga fara fat. Da hoton ne kuma likitan da ke bakin aiki kan tura wa likitan zuciya ta WhatsApp idan ba ya kusa.

Tambayoyin da za mu yi

A nan nake roƙon masu rakiya su bar mara lafiya ya yi magana da bakinsa. Sau da yawa na tambayi Baba ina ke masa ciwo, sai babban ɗa ya amsa, matar ta gyara, ƙanin ya ƙara. Ni kuwa hannun Baba nake kallo. Wanda ya nuna wuri ɗaya da ɗan yatsa ya ce "nan ne daidai," kuma ciwon na ƙaruwa idan na danna ko ya juya, ya fi kama da tsoka ko haƙarƙari. Wanda ya dunƙule hannu ya ɗora a tsakiyar ƙirji, ya ce ba ciwo ba ne, nauyi ne, an danne shi, numfashi ba ya isa, shi ne ke sa in jawo keken kayan gaggawa kusa da gadonsa. Waɗannan alamu ne kawai, ba hukunci ba. Akwai mai bugun zuciya da in ka danna ƙirjinsa zai ce akwai zafi, akwai kuma wanda ya sha maganin olsa ya ji sauƙi na ɗan lokaci. Sauƙin nan bai wanke zuciya ba.

Za mu tambaya: yaushe ya fara, me kake yi a lokacin, ya taɓa zuwa idan ka hau bene ko ka yi sauri zuwa masallaci ya kuma lafa da ka huta? Kana da hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda? Kana shan taba ko shisha? Akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya a gidanku? Ka taɓa shanyewar ɓarin jiki? An yi maka tiyata kwanan nan? Waɗannan biyun na ƙarshe suna da nasaba da irin maganin da za a iya ba shi.

Masu ciwon suga, da mata, da tsofaffi, su ne suka fi ruɗar da mutane, domin sau da yawa babu ciwon ƙirjin ma sosai. Mama za ta ce gajiya ce kawai, ko tashin zuciya, ko zafi a saman ciki, ko haki idan ta je banɗaki ta dawo. Mai suga da ya zo da zafin saman ciki da gumi, ni isiji nake fara yi masa kafin a ambaci olsa.

Akwai tambaya ɗaya da nake fitar da kowa waje kafin in yi: "Alhaji, ka sha maganin ƙarfin maza jiya ko shekaranjiya?" Ba tonon asiri ba ne. Akwai ƙwayar da muke sa wa a ƙarƙashin harshe don buɗe jijiyoyin zuciya. Idan ta haɗu da Viagra da aka sha cikin awa 24, ko Cialis cikin awa 48, jini kan faɗi warwas. Wasu haɗe-haɗen da ake sayarwa a kwalba da sunan na gargajiya ma ana zuba musu irin wannan sinadarin. Ka faɗa wa likita ko nas a asirce, magana ta mutu a nan. Haka batun taramol da sauran ƙwayoyi.

Jini, da jira

Idan isiji ta nuna babbar toshewa ƙarara, babu jira, zan faɗi abin da ke biyo baya. Amma mafi yawan lokaci ba ta nunawa, kuma a nan ne rigima da 'yan'uwa take farawa.

Isiji ta farko tana iya fitowa lafiya alhali zuciya na cikin matsala. Ga shi kuma hawan jinin da ya daɗe yana kaurara tsokar zuciya, ya sauya layin, har a rasa gane sabo da tsoho. Shi ya sa na ce ku zo da tsohuwar takarda. Saboda haka idan ciwon bai tafi ba muna maimaitawa duk bayan minti 15 zuwa 30, da kuma duk lokacin da ya dawo.

Sai gwajin jini mai suna toroponin. Wani sinadari ne da ke zaune cikin tsokar zuciya. Idan tsokar ta ji rauni sai ya tsiyayo cikin jini. Matsalar ita ce ba nan take yake bayyana ba. Yakan ɗauki awanni kafin ya hau yadda na'ura za ta gan shi, ya kai ƙololuwa wajen kwana guda, ya iya zama a jini har kusan mako biyu. Wanda ciwonsa ya fara awa ɗaya da ta wuce, in aka ɗebi jininsa yanzu aka ga babu komai, tamkar wadda ta ɗora tukunya ce ta buɗe nan take ta ce shinkafar ba ta nuna ba. Dole a sake ɗiba. Da irin gwajin da ya fi yawa a asibitocinmu, ana maimaitawa bayan awa 3 zuwa 6. Inda ake da sabon nau'i mai kaifi, awa 1 zuwa 3 ta isa. Abin da likita ke dubawa shi ne ko lambar ta motsa tsakanin na farko da na biyu, domin mai ciwon ƙoda ko mai kumburin zuciya na iya samun toroponin a sama koyaushe ba tare da sabuwar toshewa ba.

Na san gwajin nan da tsada, kuma wani lokaci sai an fita da jinin zuwa lab na waje. Idan kuɗin gwaji ɗaya kawai gare ku, ku faɗa wa likita gaskiya tun farko, shi zai zaɓi lokacin da ɗiban zai fi amfani. Abin da ke ƙona min rai shi ne a biya na farko, a ga ya fito lafiya, a ce na biyun cin kuɗi ne.

Akwai wani dattijo ɗan kasuwa da aka kawo mana da hantsi. Isiji lafiya, jinin farko lafiya, ciwon ma ya lafa. Ya zauna bakin gado ya mayar da hularsa, yana ta amsa waya, kaya sun iso ana jiransa a shago. "Sista, tunda ba ku ga komai ba ku sallame ni mana." Na ce, "Baba, ka ba ni zuwa la'asar." Ɗansa ne ya durƙusa ya riƙe masa takalmi, ya ce don Allah ya haƙura. Bayan azahar ina wucewa na ga wuyan rigarsa ya jiƙe, ga fanka na kaɗawa, ya yi shiru ya daina taɓa wayar. Bai kira kowa ba, wai kada ya dame mu. Na mayar da wayoyin, layin da ke kwance da safe ya ɗaga. Da a shago wannan ya same shi, tsakanin buhuna, ban san wa zai lura da jiƙewar wuyan riga ba.

Dalilin da ya sa muke ajiye mutum kusa da monita, na'urar da ke nuna bugawar zuciya a allo, ke nan. A awannin farko na bugun zuciya ne wutar zuciya ta fi rikicewa, ta koma karkarwa maimakon bugawa, mutum ya faɗi. Maganin wannan na'urar jan wuta ce da danna ƙirji, cikin mintuna. A gida ko a hanya babu su.

Likitoci kuma ba da ka suke yanke wa za a riƙe ba. Akwai ma'aunin maki mai suna HEART da likitoci a ƙasar Holan suka fitar a 2008. Abu biyar yake dubawa: yadda labarin ciwon yake, isiji, shekaru, abubuwan haɗari, da toroponin, kowanne daga 0 zuwa 2. Maki 0 zuwa 3 haɗari kaɗan ne, 4 zuwa 6 a riƙe a ci gaba da bincike, 7 zuwa sama babban haɗari. Ɗauki Baba mai shekara 66 da hawan jini da suga, yana kuma shan taba: shekarunsa sun ba shi 2, abubuwan haɗari uku sun ba shi 2. Yana da 4 tun kafin a taɓa jininsa. Saurayi ɗan shekara 25 da ya ɗaga kaya jiya zai iya tafiya gida da wuri, Baba kuwa ya kwana, ko da kukansu iri ɗaya ne.

Aikinku a lokacin jiran: mutum ɗaya ya zauna da shi, sauran su jira a waje, masu dubiya su bari sai gobe. Kada ya tashi zuwa banɗaki shi kaɗai. Ya yi sallarsa a zaune ko a kwance. Kada a cire wayoyin monita don sun dame shi. A yi addu'a, a yi tofi, amma kafin a ba shi wani abu ya ci ko ya sha, ko rubutu ne, a tambaye mu, domin ana iya bukatar cikinsa babu komai. Idan ciwon ya dawo, ko gumi, ko ya yi wani irin shiru, ku kira mu nan take ko da mun yi kamar muna da aiki. Dattawanmu da kawaici, ba za su faɗa ba.

Idan an tabbatar zuciya ce

Za a ba shi asfirin da wani abokinsa mai hana jini daskarewa, da allurar tsinka jini, da maganin rage kitse, da na ciwo. Idan babbar toshewa ce, hanya biyu ce. Ko a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko cinya a buɗe wurin a sa ɗan ƙarfe mai raga, in za a iya kaiwa inda ake yi cikin awa biyu. Ko a ba da allurar narkar da gudan jini. Wuraren da ake yin na farkon ba su da yawa a ƙasar nan, don haka allurar ce ta fi samuwa. Tana aiki ne cikin awa 12 da fara ciwo, kuma amfaninta mafi girma a awa biyu zuwa ukun farko yake. Kun ga amfanin duba agogo. Tana da haɗarin zubar jini, shi ya sa ake neman sa hannunku. Ina roƙo, wanda zai yanke shawara ya kasance a kusa ko wayarsa a buɗe. Tsokar zuciya na mutuwa ne yayin da ake neman Yaya a waya.

Masu cewa wannan ciwon Turawa ne su sani an yi rajistar masu irinsa a asibitocin Najeriya daga 2013 zuwa 2018, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. An tattara mutum 1,072, kuma hawan jini ne kan gaba a abubuwan da aka samu tare da su.

Sauran abubuwan da muke nema

Ba jijiyar zuciya kaɗai ke kisa a ƙirji ba, shi ya sa ake hoton ƙirji, wani lokaci da eko, wato hoton zuciya irin na sikanin. Ciwon nan mai tsagawa zuwa baya, a mai hawan jini, yana iya zama yagewar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Awon hannu biyu kan bambanta sosai, kuma maganin tsinka jini a nan ƙara ta'azzara shi yake. Gudan jini na iya tasowa daga ƙafa ya toshe huhu, musamman bayan tiyata, doguwar kwanciya, doguwar tafiya a zaune, ko haihuwa. Huhu na iya fashewa iska ta taru ta danne shi.

Mai jego da ke haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo, a kawo ta yau. Raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a arewacin Najeriya fiye da mafi yawan sassan duniya, likitoci a Zariya sun rubuta shi tun shekarun 1970, amma har yanzu ana cewa gajiyar haihuwa ce. Mai sikila da ya haɗa ciwon ƙirji da zazzaɓi da tari shi ma ba a jinkirta shi. Wanda kuma ya yi mako biyu yana tari, yana rama, yana gumin dare, za mu nemi majinarsa don gwajin tibi, kuma maganin kyauta ne a asibitin gwamnati.

Idan an sallame ku

Isiji ba ta sauya ba, toroponin biyu lafiya, ciwo ya tafi, maki kaɗan: za a ce ku tafi gida. Ma'anar wannan ita ce ba a ga bugun zuciya yau ba. Ba a ce jijiyoyin a buɗe suke tas ba. Kafin ku fita ku tambayi abu uku: me ake zaton ya kawo ciwon, wane magani zai ci gaba da sha, wace rana zai ga likita. Kada ganin likitan ya wuce mako biyu. Ana iya tura shi eko, ko gwajin tafiya a kan inji da wayoyin isiji a jiki, don a ga abin da zuciyar ke yi idan ta yi aiki. Ku karɓi kwafin isiji da sakamakon jini. Maganin hawan jini kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Idan Baba ya dage sai ya tafi kafin gwaji na biyu, ba za mu ɗaure shi ba, za mu ba shi takarda ya sa hannu. Ko a hakan ku tsaya ku karɓi magungunansa, kada ya kwana shi kaɗai a ɗaki, mota ta kwana da mai. In ciwon ya dawo ko da ƙarfe biyun dare ne, ku dawo ta ƙofar emajansi kai tsaye da takardun jiya a hannu. Babu wanda zai yi muku gorin cewa kun tafi da kanku.